Wasan 'yar tsana: in nemi makaranta ko in ci gaba da koya wa kaina?

Nafisa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema, don maganar nan ta hana ni barci. Shekara uku ke nan ina haɗa 'yan tsana ina wasa da su. Da tsohuwar safa na fara, yanzu soso nake yankawa in fitar da kai, in manna da gam, in lulluɓe da yadi mai laushi. Duk a bidiyon intanet na koya, ban taɓa zama gaban malami ba. Ina da guda bakwai, kuma na sha yi wa yara wasa, har sun haddace sunayensu. Na gama sakandare, zuciyata ta tsaya a kan cewa wannan ce sana'ata. Mahaifina ya ce in da gaske nake, in nemi makarantar da ake koyar da abin in fito da takarda. Ni kuma ina ganin shekara uku ko huɗu a aji, ga ɗawainiya, anya ba gara in zuba lokacin a kan aiki ba? Don Allah waɗanda suka riga ni shiga harkar ku faɗa mini gaskiya.

Auwal:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata kada ki ɓata lokacinki. Jim Henson, wanda duniya ta sani da kwaɗon nan Kermit, da tsohuwar kwat ɗin mahaifiyarsa da ƙwallon tebur da ya raba biyu ya haɗa shi. A 1955 ya fara shirinsa na minti biyar a talabijin a Washinton, yana ɗan shekara goma sha takwas. Wace takarda aka tambaye shi? Ki ci gaba da abinki.

Anti Rabi:
Auwal, labarin ka kawo rabinsa. A lokacin da yake wannan shirin ɗalibi ne a Jami'ar Maryland, kuma ya shiga ajin wasan 'yar tsana a can. A wannan ajin ya haɗu da Jane Nebel, wadda suka yi shirin tare kuma daga baya suka yi aure. Digirinsa ya kammala a 1960. Sannan a 1958 ya tafi Turai ya ga yadda masu wannan wasa suka ɗauke shi da muhimmanci, bayan ya dawo ne ya yanke shawarar tsayawa a kai. Daga baya ma sai da ya ɗauko Don Sahlin, wanda ya daɗe yana ƙera 'yan tsana a wurin wasu, ya riƙa yi masa ƙira. To ina maganar cewa shi kaɗai ya koya wa kansa a nan?

Auwal:
Anti na yarda ya shiga aji. Amma digirin nasa ai ba na wasan 'yar tsana ba ne, na tattalin gida ne. Abin da ya sa ya zama Henson shi ne fitowa gaban kyamara kusan kullum na tsawon shekaru. Aji ɗaya bai yi wannan ba.

Anti Rabi:
Wannan kam gaskiyarka.

Malam Habu:
'Yata Nafisa, bari in ba ki nawa labarin, ki auna da kanki. Na haura shekara ashirin da biyar a wannan sana'a, ban taɓa shiga ajinta ba, kuma da ita na riƙe iyalina. Saboda haka ba ni zan ce miki ba a ci da ita sai da takarda ba.

Amma ga abin da ya same ni. Shekara tara ina wasa da 'yar tsanar hannu mai buɗe baki, kuma duk tsawon lokacin nan yatsuna huɗu na sama nake ɗagawa idan za ta yi magana. Kin san abin da hakan ke yi? Duk kalma ɗaya sai kan ya wuntsila baya, idanu su kalli rufi. Ni ina ƙasa ina jin muryata na fita daidai, yara na dariya, ban san komai ba. Wata rana wani dattijo da ya daɗe a harkar ya tsaya bayan wasa, ya ce in miƙo hannuna babu 'yar tsana. Ya ɗora tafinsa a kan yatsuna ya danne, ya ce to yi magana. Dole babban yatsa ne ya riƙa sauka ƙasa, kamar yadda haɓar mutum ke sauka, saman kai na nan inda yake. Minti biyar bai cika ba. Na koma gida raina a jagule, domin na gane shekara tara na yi ina horar da hannuna a kan kuskure. Sai da na ƙara kusan shekara guda kafin hannun ya daina komawa gidan jiya, musamman idan na gaji ko wasa ya yi zafi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ke yanzu shekararki uku, hannunki bai bushe ba. Abin da nake ji miki tsoro shi ne akwai irin wannan kuskuren a hannunki yanzu haka, kuma bidiyo ba zai gaya miki ba, don ke kike kallonsa, shi ba ya kallonki.

Nafisa:
Baba wallahi yanzu na ɗaga hannuna na gwada. Yatsun sama nake ɗagawa. Innalillahi.

Malam Habu:
Kada ki damu, gara yau da bayan shekara tara. Ki sa hannunki ƙarƙashin tebur, bayan yatsun na taɓa katakon, ki riƙa ƙirga ɗaya zuwa ɗari da babban yatsa kaɗai. Gaɓa ɗaya, buɗewa ɗaya. Kullum.

Sadiq:
Ni ta ɓangaren kyamara zan yi magana, don nan na fi sani. Na je gwajin ɗaukar masu wasa sau uku, ba wanda ya taɓa cewa in kawo shaidar karatu. Za a ba ka 'yar tsana, a ajiye maka ƙaramar talabijin a ƙasa mai nuna abin da kyamara ke ɗauka, a ce shigo da 'yar tsanar, ta kalli kyamara, ta yi magana, ta fita. Shi ke nan. Wahalar ita ce wannan talabijin ɗin ba madubi ba ce. Ka matsa dama, ka ga hoton ya tafi hagu. Hannunka na sama da kanka, wuyanka a sunkuye, ƙwaƙwalwarka na gardama da idonka. Na ga wanda ya zo da digirin wasan kwaikwayo ya kasa, na ga wanda ya koya a ɗakinsa da waya da tsohuwar talabijin ya wuce. Wannan ƙwarewar awanni ne kawai ke kawo ta, kuma za ki iya tara awannin a gida.

Caroll Spinney ya yi kusan shekara hamsin, daga 1969 zuwa 2018, a cikin rigar katon tsuntsun nan rawaya na shirin yara na Amurka. Hannunsa na dama a miƙe sama cikin kan tsuntsun, ƙaramar talabijin ɗaure a ƙirjinsa, da ita yake ganin inda yake takawa. Wane aji ne zai koya maka wannan in ba yi ba?

Hadiza:
Ni gargaɗi zan yi a kan kalmar "makaranta" kanta. Na yi shekara huɗu a sashen wasan kwaikwayo na wata jami'a, ba zan faɗi suna ba. Dalilin shigata kuwa shi ne na ga wasan 'yar tsana a jerin darussansu. Da lokacin ya zo, mako biyu aka yi a kai, malamin da ya ɗauke mu bai taɓa sa hannu cikin 'yar tsana ba, tarihi ya karanta mana daga takarda muka rubuta jarrabawa. Har yau abin na yi mini ciwo. Na amfana da darussan murya da rubutun wasa, ba zan yi butulci ba, amma abin da ya kai ni ban samo shi ba. Nafisa, kafin ki biya ko sisi, ki tambaya: awa nawa a mako ɗalibi ke riƙe da 'yar tsana? Akwai ɗakin ƙira da kayan aiki? Malamin yaushe rabonsa da hawa dandamali? In sun yi kame-kame, ki kama gabanki.

Anti Rabi:
Hadiza ta taɓo inda ke ƙaiƙayi. Makarantun da wannan ne ainihin aikinsu ba su da yawa a duniya, shi ya sa ya kamata Nafisa ta san su kafin ta zauna da mahaifinta. A Faransa akwai garin Charleville-Mézières, inda aka kafa cibiyar wasan 'yar tsana ta ƙasa da ƙasa a 1981, aka buɗe babbar makarantarta a 1987. Shekara uku ake yi, da gasa ake shiga, waɗanda ake ɗauka a zubi ɗaya ba su kai ashirin ba, kuma da Faransanci ake koyarwa. A garin ne kuma ake babban bikin 'yan tsana na duniya tun 1961. A Prague, babban birnin ƙasar Czech, makarantar wasan kwaikwayo ta DAMU ta buɗe sashen 'yan tsana a 1952. A Jamus akwai a Balin da Stuttgart. A Amurka Frank Ballard ya fara koyar da shi a Jami'ar Connecticut a 1964, yanzu har digiri na biyu suke bayarwa.

Abin da irin waɗannan wurare ke bayarwa ya wuce gyaran babban yatsa. Mai koyon kansa yakan maƙale a nau'i ɗaya, wanda ya fara gani. Nafisa ta hannu take yi. Ta taɓa riƙe ta zare, wadda nauyinta ne ke tafiyar da ita, sai an san inda za a sa dalma a ƙafa ko a ƙugu kafin ta taka ƙasa kamar mai rai? Ta taɓa yanka ta inuwa, wadda ake haskawa ta bayan farin ƙyalle a ga inuwarta? Ta sanda fa? A makaranta dole a bi da kai ta kowanne, har wanda ba ka so, kuma sau da yawa a wanda ba ka so ɗin ne kake tarar da kanka. Ga sassaƙa, ga haske, ga murya, ga motsa jiki. Sannan ga abokan karatu goma sha wani abu da za ku yi ta ɓata aiki tare kuna gyarawa ba tare da tsoron mai biya ya ce a dawo masa da kuɗinsa ba. Wannan damar ta yin kuskure cikin kwanciyar hankali, wanda ke ci da sana'ar tun ranar farko ba ya samunta.

Auwal:
Anti duk na ji. Amma kin ce ba su kai ashirin ba. Sauran dubban da ke son sana'ar fa, su zauna? Kuma wanda ya ci bashi ya yi karatun, da wasan 'yar tsana zai biya? Mu faɗi gaskiya, sana'a ce da aiki ke zuwa yau ya ɗauke gobe.

Anti Rabi:
Maganar bashi ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Ba zan ba kowa shawarar cin bashi mai nauyi don wannan karatun ba. In da tallafi, a je. In babu, a nemi wata hanya.

Malam Lawal:
Ku ba ni dama in kawo misalin Japan, don yana warware wani ƙulli a gardamar nan. A wasansu na bunraku mutum uku ke riƙe 'yar tsana ɗaya. Babban yana riƙe kai da hannun dama, na biyu hannun hagu, na uku ƙafafu. Suna da magana cewa shekara goma a ƙafa, shekara goma a hannun hagu, kafin a ba ka kai. Ka yi tunanin matashi a durƙushe shekara goma, fuskarsa a rufe da baƙin ƙyalle, aikinsa kawai ya sa ƙafafun da ba nasa ba su yi tafiya. Ba sa magana da juna a kan dandamali. Daga ɗan motsin kan 'yar tsanar da jikin babban ne sauran biyun ke gane abin da zai biyo baya. Ɗaruruwan shekaru haka ake gadon abin daga ubangida zuwa yaronsa, babu aji.

Amma da masu shiga suka yi ƙaranci, sai Gidan Wasan Ƙasa na Japan ya buɗe horo na shekara biyu a 1972, ga matasan da ba su gaji sana'ar ba. Wanda ya gama ba a ce masa ya zama gwani. Miƙa shi ake yi ga ubangida, ya fara daga ƙafa kamar kowa. Wato su a wurinsu makaranta ƙofa ce kawai, zaman gidan na gaba. Abin da ba su taɓa yarda da shi ba shi ne mutum ya koya babu idon wani a kansa.

Sadiq:
Malam Allah ya ƙara sani. Amma shekara ashirin kafin ka riƙe kai? A zamanin nan wa zai jira?

Malam Lawal:
Su ma suna fama da ƙarancin masu jira, Sadiq. Ban ce Nafisa ta yi shekara goma a ƙafa ba. Cewa na yi ta samu wanda zai duba ƙafar.

Zainab:
Akwai waɗanda suka haɗa biyun ma. Yaya Coulibaly na Mali a hannun mahaifinsa ya fara tun yana yaro, gado ne a gidansu, amma hakan bai hana shi shiga makarantar fasaha ta Bamako ba, ya kuma je Charleville ya ƙaro. A 1980 ya kafa ƙungiyarsa ta Sogolon. Su kuma Adrian Kohler da Basil Jones da suka kafa ƙungiyar wasan 'yar tsana ta Handspring a Afirka ta Kudu a 1981, makarantar zane da sassaƙa suka yi a Cape Town, ba ta 'yan tsana ba. Su ne suka ƙera dawakan nan masu girman doki na gaske da aka fara wasa da su a Gidan Wasan Ƙasa na Landan a 2007, mutum uku a kan kowane doki. Ni abin da na ɗauka daga wurinsu shi ne, Nafisa, in mahaifinki ya dage a kan takarda, ba dole sai takardar wasan 'yar tsana ba. Sassaƙa, ɗinki da zanen kaya, wasan kwaikwayo, koyar da ƙananan yara, ko harhaɗa fim, kowanne zai shiga aikinki kai tsaye, kuma zai riƙe ki a watannin da babu wasa.

Hadiza:
Wannan ita ce shawarar da na so a ce an ba ni tun farko. Da sassaƙa na karanta.

Auwal:
Har yanzu akwai abin da ba wanda ya faɗa. Makaranta ba ta koya maka yara. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya jin kunyar kowa, in wasanka ya gundure shi tashi zai yi ya tafi, ko ya zagayo bayan labule ya ja maka riga. Nafisa ta riga ta san wannan, ɗalibin da ya shekara uku yana wasa gaban malamai da abokansa bai sani ba. Haka yadda za ka nemi aiki, ka yi ciniki, ka ɗauki kayanka a jaka biyu, ka kafa dandamali cikin minti ashirin, ka ɗinke hannun da ya yage ana saura kaɗan a fara. Kada a sa ta raina abin da ke hannunta.

Malam Habu:
A nan kam Auwal ka yi gaskiya, kuma ba wanda zai ƙwace mata wannan. Nafisa, turo mana bidiyo ɗaya mu gani. Gani ya kori ji.

Nafisa:
Ga shi nan Baba. Wannan ita ce wadda yara suka fi so. Don Allah kada a ji tausayina.

Malam Habu:
Na kalla sau uku. Muryar tana da kyau ƙwarai, kuma kin san inda ake dakatawa a bar dariya ta sauka, wannan ba kowa ke da shi ba. Ɗinkin ma tsaf. Yanzu ga gyara.

Idanun ba sa kallon komai. Kin sa baƙin idon a tsakiyar farin daidai, shi ya sa take kamar mai kallon bango ta bayan mutum. Ki matso da su ciki kaɗan wajen hanci, su ɗan sauko, kamar tana duban abin da ke taku biyu ko uku a gabanta. Kada ki manna tukuna. Ki liƙa da abin da za ki iya cirewa, ki ja baya, ki duba, ki matsar da kaurin farce, ki sake dubawa. Akwai wurin da za ki kai sai ki ji kamar ta gan ki. Nan ne.

Sannan tana nutsewa. A farkon bidiyon ƙirjinta a waje yake, a minti na biyu haɓarta ta kusa taɓa labule, saboda kafaɗarki ta gaji. Wannan ƙarfin hannu ne, zai zo. Amma ki kula, in kafaɗa ta fara zafi mai suka ki sauke, ni na yi wasa da wannan na sha jinya.

Babban kuwa shi ne, idan ta gama magana mutuwa take yi. Kina jiran layi na gaba, ita kuma ta koma soso da yadi. Mai rai ko ya yi shiru yana numfashi. Ɗan tashi da sauka daga wuyan hannunki, kaɗan ƙwarai, wanda mai kallo ba zai ce ga shi ba amma zai ji rashinsa. Kafin ta yi magana ta ja numfashi. Kafin ta juya, ido ya riga jiki.

Anti Rabi:
Nafisa kin ga abin da Malam ya yi miki yanzu? Irinsa ake yi a makarantar kirki, kullum, shekara uku. Ki nemi UNIMA, ƙungiyar masu wasan 'yar tsana ta duniya, tun 1929 aka kafa ta a Prague kuma tana da rassa a ƙasashe da yawa, ta nan ake jin labarin gajerun horo na mako ɗaya ko biyu da bukukuwa. Ko da za ki nemi Charleville nan gaba, gasar shiga sai da shiri, ga harshe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Nafisa:
Na gode iyayena, Allah ya saka da alheri. Na cire idanun tun ɗazu, ina ta matsarwa, kuma na ji abin da Baba ya ce, akwai inda na kai sai da gabana ya faɗi. Da daddare zan zauna da mahaifina in nuna masa maganar Anti Zainab, in ce zan yi karatu amma na sassaƙa ko na koyar da yara, in ci gaba da wasa a ƙarshen mako. Faransanci kuma zan fara a hankali, ko Allah zai sa. Abin da ban sani ba shi ne ko zai yarda da takardar da ba sunan sana'ar a jikinta.

Auwal:
In ya ƙi, ki sa 'yar tsanar ta yi masa bayani da sababbin idanunta. Da gaske nake, ki nuna masa tsohon bidiyon da sabon, ya ga bambancin kwana ɗaya.

Malam Habu:
Bayan sati biyu ki sake turo mini wani. Minti ɗaya kawai, babu murya ko kaɗan. Tana barci, ta farka, ta ji motsi a bayanta, ta juya ta duba. Ki ajiye kyamarar daidai tsayin idon yaro a zaune.